A Bar Kowa Ya Sayi Bindiga? Ra'ayin Mai Riƙe Da Rajista



Duk lokacin da aka yi kisa mai yawa a jihar nan, kafin a tashi daga zaman makoki maganar bindiga ta taso. Haka aka yi bayan Koshebe, haka aka yi bayan Dumba, haka kuma aka yi bayan abin da ya faru a Darul Jamal ta ƙaramar hukumar Bama ranar Juma'a 5 ga Satumba 2025 da daddare, inda aka kashe mutum fiye da 60, yawancinsu waɗanda ba su daɗe da komawa gida daga gudun hijira ba. A teburin mai shayi, a cikin Keke Napep, a bakin masallaci bayan Isha'i, maganar ɗaya ce: tunda an kasa tsare mu, a bar mu mu sayi bindiga mu tsare kanmu. Wasu daga cikin membobinmu sun nemi a sa batun cikin abubuwan da za a tattauna a taron wata, har wani dattijonmu ya ce a rubuta wa 'yan majalisarmu na tarayya takarda. Kafin a kai can na ga ya dace in faɗi nawa ra'ayin. Nawa ne ni kaɗai, ƙungiya ba ta yanke komai ba tukuna.

Zan fara da hujjar masu neman bindiga, domin hujja ce mai nauyi, kuma wanda bai taɓa tsayawa a kan gawar da aka yi wa yankan rago ba bai kamata ya yi saurin raina ta ba. Ranar Asabar 28 ga Nuwamba 2020, ranar da muke zaɓen ƙananan hukumomi a Borno, 'yan Boko Haram suka riski manoma da 'yan ƙwadago suna yankan shinkafa a Koshebe ta ƙaramar hukumar Jere. Suka tattara su, suka ɗaure su, suka bi su ɗaya bayan ɗaya da wuƙa. Washegari aka jera gawa 43 a Zabarmari, Gwamna Babagana Umara Zulum yana cikin sahu, daga baya kuma aka ci gaba da gano wasu. Da yawansu 'yan ci-rani ne da suka taso tun daga wajejen Sakkwato neman na tuwo. Zabarmari ba wata uwa duniya ba ce, kimanin kilomita 20 ce daga cikin gari, shinkafarta muke ci. Mutanen nan abin da ke hannunsu lauje ne. Da aka tambayi kakakin shugaban ƙasa na lokacin, Malam Garba Shehu, sai ya faɗa wa BBC cewa manoman ba su samu izinin sojoji ba kafin su shiga gonakin. Duk wanda yake garin nan a makon ya san yadda maganar ta ƙona wa mutane rai. Da aka kashe manoma da masunta aƙalla 40 a Dumba ta ƙaramar hukumar Kukawa a Janairun 2025, an sake cewa sun wuce iyakar da aka shata musu.

To ka sa kanka a matsayin manomin. An rufe sansanonin cikin Maiduguri an ce ya koma ya dogara da kansa. Gonar da ke kusa da sojoji ba ta isa kowa ba. Yunwa tana bayansa, wuƙa tana gabansa. In ya ce a ba shi bindiga ko ba komai ya mutu yana fafutuka, da wane baki za ka ce masa ya yi haƙuri? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma ba talakawa kaɗai ke faɗin haka ba. Janar T.Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a watan Maris na 2018 cewa mutane su tashi su kare kansu. Aminu Bello Masari, yana gwamnan Katsina, ya ce wa mutanen jiharsa a 2021 su nemi bindiga. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta sanar da cewa za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19 domin masu son mallakar bindiga. Ba a kwana biyu ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin, 'yan sanda kuma suka ce ai an dakatar da ba da lasisi. Dokar da ake aiki da ita tun ta 1959 ce, ta girmi Najeriya mai 'yanci. Ta kasa bindigogi gida uku. Manyan bindigogin yaƙi irin su AK-47 da mai jigida, har da ƙaramar bindigar aljihu, sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta irin mai baki biyu tana hannun Sufeto Janar. Bindigar toka ta maharba kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ma'ana, ko yau aka buɗe ba da lasisi, abin da talaka zai samu shi ne mai baki biyu, wanda zai zo masa kuma AK-47 zai riƙo, wani lokaci da mai jigida a bayan mota.

Matasanmu masu bin labaran waje suna yawan kawo misalin Amurka, wai can kowa da bindigarsa shi ya sa ba a taɓa su. Gaskiya ne tsarin mulkinsu ya ba su dama, kuma ƙiyasin da aka yi a 2017 ya nuna bindigogin da ke hannun farar hula a can sun kai miliyan 393, sun fi mutanen ƙasar yawa. Amma a ƙasar ne a watan Mayu na 2022 wani yaro ɗan shekara 18 ya sayi bindiga ta hanyar halal ya shiga firamare a garin Uvalde na jihar Teksas ya kashe yara 19 da malamai 2, jami'an tsaro kusan 400 suka taru a wurin, aka shafe fiye da awa ɗaya kafin a shiga ajin. Ostireliya da Niyu Zilan sun bi wata hanyar. Bayan kashe mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnatin Ostireliya ta saye bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Bayan kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch a Maris na 2019, Niyu Zilan ta haramta bindigogi masu sarrafa kansu cikin wata guda. Sai dai duk waɗannan ƙasashe suna rigima ne a kan mutum ɗaya da ya haukace da bindiga a cikin gari mai zaman lafiya. Mu runduna ce a daji. Don haka ni ban cika ɗaukar darasi daga can ba. Darasin da na fi yarda da shi a nan Yerwa muka gan shi da idonmu.

Wanda yake garin nan a 2012 da farkon 2013 ya san abin da nake nufi. Ka san yaron da ya harbi mutum a layinku, ka san uwarsa, ka san gidan da yake kwana, amma ko matarka ba ka iya faɗa wa, domin ba ka san wanda zai kai labari ba. In an tayar da bam sojoji su zo su kwashe duk namijin da suka gani, domin su baƙi ne, ba su san wane ne wane ba. Muna tsakanin wuta biyu. A watan Mayu na 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka kashe layukan waya. Sai a watan Yuni labari ya bazu cewa wani matashi a Hausari, Baba Lawan Jafar, ya bi wani mai bindiga ya kama shi ya miƙa wa sojoji. Cikin 'yan makonni unguwa bayan unguwa matasa suka fito, Gwange, Bulumkutu, Shehuri, ko'ina. Me ke hannunsu? Gora, adda, kwari da baka, wani ma katako ne ya ciro daga benci. Daga nan sunan Kato da Gora ya bi su. Yaran da suka gagari tankar yaƙi suka bar garin a guje, suka koma daji.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa gora ta yi abin da bindiga ta kasa. Abin da 'yan Gora suke da shi wanda soja ba shi da shi shi ne sanin mutane. A shingen unguwarmu yaron da ke tsaye ya san duk wanda ya wuce, ya san ɗan wane ne, ya san wanda ya ɓace wata uku ya dawo da sabon babur ba sana'a. Mata suka tsaya suna binciken mata. Kashe waya ya sa mai kai rahoto ga daji ya rasa hanya, tsoron faɗin gaskiya ya ragu. A lokacin mu a unguwa abin da muka tara kuɗi muka saya musu tocila ce da batir da usur da shayin dare. Ni aka ba aikin rubuta sunayen masu tsayuwa, kowa da sunan mahaifinsa da layin gidansu, Bulama ya sa hannu a ƙasa. Ranar da wani ya karɓe wa mai wucewa kuɗi a shinge, kafin azahar an duba littafi an san waye ke aiki a daren, aka kai shi gaban mahaifinsa.

Daga baya gwamnatin Kashim Shettima ta ɗauki wasunsu ƙarƙashin shirin BOYES, aka ba su horo da kaki da alawus na naira 15,000 a wata, wasu kuma aka ba su bindigogin farauta suna raka sojoji. Sun taka rawa ranar 14 ga Maris 2014 da aka kai hari barikin Giwa, da kuma hare-haren da aka kawo wa garin nan a Janairu da Fabrairun 2015. Ɗaruruwansu sun mutu, Allah Ya jiƙan su. Ba kuma zan ɓoye ɗaya gefen ba, domin mun san shi. An yi amfani da sunan Gora an rama gayya, an nuna mutum an ce ɗan Boko Haram ne saboda bashi ko mace ko fili. Amnesty ta rubuta rahotanni masu tayar da hankali kan abin da ya biyo bayan harin Giwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sunan ƙungiyar cikin masu amfani da ƙananan yara. Amma ku lura da abin da ya faru bayan haka: saboda suna da shugabanni da sassa da sunaye a rubuce, an samu wanda za a zaunar. A 2017 suka sa hannu a yarjejeniya, a watan Mayu na 2019 kaɗai aka sallami yara 894 daga cikinsu, daga baya aka cire sunansu daga jerin. Da a ce kowa bindigarsa ya saya ya ajiye a ƙarƙashin gado, wa za a kira ya sa hannu?

Ku dubi Zamfara. Can ma mutane sun tashi kare kansu ne da gaskiyarsu, ɓarayin shanu sun ishe su. Amma 'yan sa-kai da yawa ba su da rajista, ba su da mai tsawata musu, aka riƙa kama Bafulatani a kasuwa a kashe ba shari'a, 'yan uwansa su shiga daji su sayo bindigar da ta fi ta 'yan sa-kai, su dawo su ƙone ƙauye. Yau an fi shekara goma ana wannan ramuwar. Ita kanta gwamnatin Zamfara da ta yi maganar raba fom, a ƙarshe abin da aka koma yi a zamanin Dauda Lawal shi ne kafa Askarawa masu kaki da horo a farkon 2024, kamar yadda Dikko Raɗɗa ya yi a Katsina a 2023.

Bari in kawo wani abu daga aikina, ko da zai ba wasu dariya. Ƙungiyarmu ta sayi kujerun roba 100 domin aron biki da zaman makoki. Akwai littafi, duk mai aro yana sa hannu, kowa ya san kowa, yawanci ma 'yan uwan juna ne. A ƙidayar da muka yi bayan shekara uku kujera 61 muka samu. Wannan ya ara ya ba maƙwabcinsa, maƙwabci ya ba surukinsa a wata unguwa, wani ya rasu magada suka ɗauka tasa ce. Kujera ke nan, wadda ba mai sayenta a ɓoye da tsada. Kada kuma a ce mu ne ba mu iya ajiya ba. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai bindigogi AK-47 guda 88,078 na rundunar 'yan sanda da ba a iya bayanin inda suke ba. Hukumar da ke da ma'ajiyar makamai da mai gadi da doka a bayanta ke nan. Su kansu na dajin, kaso mai yawa na makamansu daga sansanonin soja da suka afka wa suka kwaso su, kamar yadda aka yi a Metele a 2018. Bindiga tana tafiya. Wadda ka saya don ɓarawo, in ka kwanta asibiti ɗanka na iya sayar da ita, in an shigo ƙauyenku da dare ita za a fara nema. Janar Abdulsalami Abubakar ya faɗa a 2021 cewa makaman da ke yawo a ƙasar nan sun kai miliyan 6. Ban ga alamar ƙarancin bindiga ne ya hana mu barci ba.

Ku tuna daren 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Mutanen Gwange da sauran unguwannin bakin kogi suka fita da kayan jikinsu, wasu da yaro a wuya. Gidaje suka zauna kwanaki ba kowa, ɓarayi suna bi. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni fiye da 270 suka fice. Da a ce kowane gida na uku akwai bindiga a ɗaki, da yanzu muna lissafin nawa ne suka shiga wane hannu.

Sai kuma halinmu na yau da kullum, wanda ba ma so a faɗa. Shekara goma sha biyar na tashin hankali ta bar mana matasa masu saurin fushi, ga ƙwaya ta yi yawa, ga rigimar fili da ta gado, ga siyasa da ke ɗaukar yara haya duk shekara huɗu. A layinmu an taɓa yin faɗa a kan layin famfo, wani ya rotsa wa wani kai da gora. Aka yi masa ɗinki, Bulama ya zaunar da iyayensu, aka biya kuɗin magani, yau tare suke zuwa kallon ƙwallo. Gora tana barin wurin sulhu. Da harsashi ne da gida biyu sun mutu, ɗaya a maƙabarta ɗaya a kurkuku.

In muka koma Koshebe, akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata masu neman bindiga su tsaya a kansa. Kafin ranar, an ruwaito cewa manoman sun kama wani ɗan bindiga da ke addabar su, suka ƙwace makaminsa suka miƙa shi ga jami'an tsaro. Ɓangaren Shekau da ya ɗauki alhakin kisan ya ce ramuwar wannan ce. Jarumta ba ita ce ta yi musu ƙaranci ba, sun yi abin da matasan Hausari suka yi a 2013. Bambancin shi ne na Hausari da suka kama mutum akwai sojoji a bayansu a kowace mahada, na Koshebe kuwa da suka koma gona babu kowa a bayansu. Ko da goma daga cikinsu na da mai baki biyu, mutum ba ya yankan shinkafa da hannu ɗaya yana riƙe da bindiga da ɗayan, kuma wanda ya kore su yau zai dawo jibi da mutum hamsin. Abin da ya kamata a ce sun samu shi ne masu gadi waɗanda aikinsu ke nan, da hanyar kiran agaji da za a amsa.

Shi ya sa in za a rubuta takardar da dattijonmu ya nema, ni ba zan so a rubuta a bar kowa ya sayi bindiga ba. Zan so a nemi a ƙara yawan 'yan Gora da maharba da jami'an Agro Rangers na Sibil Difens da ke raka manoma, musamman daga watan Oktoba zuwa Disamba lokacin girbi, a kuma biya su a kan kari, domin mai bindiga da ba a biya ba shi ma abin tsoro ne. Duk wanda za a ba makami ya zama Bulama da Lawan na garinsu sun san shi sun sa masa hannu. Bindigar ta zama mai lamba, ta kwana a ma'ajiya, a ƙirga harsashi da safe a ƙirga da yamma. In ya yi laifi a san kotun da za a kai shi. Gwamna Zulum da kansa, kwana biyu bayan Koshebe, cikin buƙatun da ya gabatar wa tawagar gwamnatin tarayya akwai a ɗauki matasanmu na Gora da maharba aikin soja da sauran hukumomin tsaro, domin su suka san dajin. Tun 2020 ke nan, ya dace 'yan majalisarmu su faɗa mana mutum nawa aka ɗauka.

Akwai kuma tambayar da nake so wanda ke goyon bayan bindigar gida ya zo mana da amsarta ranar taro, don ni na juya ta ban samu ba. Yaƙin nan zai ƙare wata rana da yardar Allah. Dubban mutane sun riga sun fito daga daji tun bayan mutuwar Shekau a 2021, wasunsu suna zaune a garuruwan da suka taɓa ƙonawa, kusa da mutanen da suka kashe wa iyaye. Mai kaki ana iya kiran sa fareti a ce ya ajiye makami ya sa hannu ya karɓi sallama. Wanda ya sayar da akuyarsa da buhun gero ya sayi tasa, yana kuma ganin wanda ya yanka ƙanensa yana wucewa ta ƙofar gidansa kullum da safe, wa zai je ya karɓo ta, kuma da wane littafi za a san tana nan?

Allah Ya jiƙan mutanen Darul Jamal da na Dumba da na Koshebe, Ya ba iyalansu haƙuri. Masu gona a Jere da Konduga da Mafa daga cikinmu, don Allah kowa ya kawo mini sunan yankin da gonarsa take da ranar da yake sa ran fara yanka kafin ranar taro, domin mu haɗa jerin da za a kai wa masu rakiya.